Mai Rufe Ƙofa Daga Waje

A unguwarmu ta Nahuce, duk macen da ta haihu ni ake aika wa. Karɓar haihuwa ba aikina ba ne, wankan jego nake yi. In dafa ruwa a babbar tukunya da ganyen darbejiya, in zaunar da mai jego a bayan ɗaki in yi ta fyaɗa mata ganye har jikinta ya saki, in dama mata kunun kanwa, in hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa, in toshe taga da tsumma, in ja mata ƙofa don kada sanyi ya shige ta. Shekara talatin da 'yan kai ina wannan. Madina ne sunana, amma har waɗanda suka girme ni Gwaggo suke ce mini.

Kuma ina da baki, ban ɓoye ba. Abin da na gani da hantsi, kafin azahar ya isa injin niƙan Malam Aminu, inda mata ke jera ƙore suna jiran layi. Ba na ƙirƙirar ƙarya daga tushe. Gishiri kawai nake ƙarawa, sai dai hannuna yana da nauyi.

Zulai maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma shekara ɗaya aka kawo mu garin nan muna amare. Autanta Haliru yana harkar hatsi a Gusau, can ya ajiye matarsa Husaina, 'yar Tsafe, yarinya mai sanyin magana wadda sai ka matso kake jin gaisuwarta. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama. Da ta yi haihuwar fari babu gidan da za ta je wanka, sai Zulai ta ce a kawo mata ita Nahuce, ga ɗaki ga Madina.

Ɗakin jegon Zulai ƙarami ne. In ka tsaya a tsakiya ka buɗe hannu, yatsunka za su taɓa bango nan da can. Tagarsa ba ta fi faifai ba, ƙofar kuwa ta langa-langa ce mai nauyi. A nan Zulai ta yi jegon 'ya'yanta duka, kuma tana alfahari da shi, wai ko iska ba ta san hanyarsa ba.

Kwana biyun farko Husaina ba ta ce komai ba, don zazzaɓin haihuwa bai sake ta ba. Rana ta uku na gama mata wankan safe, na gyara garwashi, na danna tsumma a taga. Na juya zan fita sai ta kama bakin zanena.

"Gwaggo, don Allah ki bar ƙofar a buɗe, ko kaɗan ne."

"Sanyi ya shige ki ki kumbura, a ce Madina ta tsufa ba ta iya aiki ba? Kwanta, ɗiyata."

Na fita na ja ƙofa. Ban gama ɗauraye tukunya ba na ji ƙofar ta bugu da bango. Sai ga Husaina ta fito a guje, jaririya a ƙirji, kai ba ɗankwali, gumi har yana ɗiga daga haɓarta. Ta tsaya a gindin mangwaron tsakar gida, baki buɗe, tana jan numfashi kamar wadda aka tsamo daga ruwa. Zulai ta yar da tsintsiya ta taho tana salati.

"Mi ya faru? Maciji ne?"

"Ba komai, Inna. Ɗakin ne yake matse ni. Bangon matsowa yake yi. Numfashina ba ya sauka."

Ni kuwa na san wannan bangon da take faɗa.

Ina 'yar shekara takwas aka zura ni cikin rumbu in miƙo dawa, saboda bakin rumbun ƙarami ne, babba ba ya shiga. Ina ciki hadari ya taso. Innata ta ruga kwashe shanya, Babana ya shigo daga gona, ya ga rumbu a buɗe ga ruwa ya fara sauka, ya ɗauki murfi ya kifa, bai san da mutum a ciki ba. Na yi ihu, ƙarar ruwa ta danne. Sai da aka ɗauke ruwa aka tuna da ni. Tun daga ranar, duk wurin da aka rufe ni, ƙaiƙayin dawar nan nake ji a maƙoshi. Ban taɓa gaya wa kowa ba, har maigidana ya koma ga Allah bai sani ba. Dabara na koya. A mota bakin ƙofa nake zama, in ce gwiwata ba ta lanƙwasuwa. Makewayina asabari ne a bakinsa. Nawa jegon kuwa, da surukata ta juya baya nake zare tsumman taga. Kuma a shekara talatin na aikina ba a taɓa rufe ɗakin jego ina ciki ba. Ni ce mai ja daga waje.

Da na buɗe baki a gindin mangwaron nan na ce, "Zulai, bar mata ƙofar, na san ciwon," da magana ta ƙare. Amma sai a tambaye ni ina na san shi. Sai na ce, "A'a, Husaina, mi ke nan? Koma ciki, iska na dukan jinjira."

Da azahar ina injin niƙa. Na ajiye ƙwarya na kwance ɗankwalina, na gwada musu yadda ta fito, na buɗe baki ina haki, na karkace ido. Mata suka yi ta dariya har Malam Aminu ya rage ƙarar inji don ya ji. Wata ta ce idonta fa? Na ce jawur. Wata ta ce da muryarta ta yi magana? Na ce ni dai ban san ta da wannan muryar ba. Daɗin abin ya ɗebe ni. Kuma a can ƙasan raina ina ganin in dai ni ce kan gaba wurin dariya, ba mai juyowa ya dube ni.

Washegari ta sake fitowa. Jibi ma haka.

Ranar suna aka raɗa wa yarinya Nana Khadija. Mata suka cika gida, har da dangin Zulai na Bungudu. Ina raba goro sai na ji labarina ya dawo mini, amma ya yi ƙiba har na kusa kasa gane shi. Wai amaryar Haliru tana da iska. Wai da muryar namiji take magana. Wai ranar da ta fito, rijiya ta nufa da jaririyar, da ƙyar aka riƙe ta. Akwai rijiya a gidan kuwa, taku kaɗan daga mangwaron.

Wata yayar Zulai ta juyo gare ni. "Madina, ke da kike wurin, haka ne?"

Zulai na tsaye da tiren shinkafa tana jiran amsata. Na ce, "Ni dai Allah shi kyauta," na girgiza kai. Ban ce i ba. Amma na san yadda na girgiza kan.

Tun daga yammacin nan Zulai ta ɗauke jaririya ta mai da ita ɗakinta. Sai lokacin shan nono ake kai ta, kuma Hauwa'u, babbar 'yar Zulai, tana tsaye a kai har a gama. Aka kira kafinta ya buga sakata a ƙofar ɗakin jego ta waje. Wa ke zura sakatar bayan wanka? Ni. Rana ta farko Husaina ta yi ta bugun ƙofa tana kiran Inna, tana kiran Gwaggo. Rana ta biyu ta yi shiru. Zulai ta ce alhamdu lillahi, abin ya fara lafawa. Ni kuwa da na zo wucewa na ga yatsunta huɗu sun leƙo ta ƙarƙashin ƙofa. Ta sauko daga gado ta kwanta a ƙasa, ta kafa hanci a 'yar kafar nan. Na san kwanciyar. Na ɗauke kai na wuce.

Kwana goma sha biyu da haihuwa Zulai ta leƙo ta katanga.

"Madina, gobe ki shirya, Tsafe za mu. An yi mini kwatancen wata Juwairiyya mai turare. Kwana bakwai take ajiye mutum a ɗaki tana turara shi, ko wane irin iska ne sai ya fita."

"Jinjirar fa?"

"Tana nan wurin Hauwa'u, an sayo madarar gwangwani. Ai nonon ma ban yarda da shi ba. In ta warke ta dawo ta karɓi ɗiyarta, in ba ta warke ba ta zauna can garinsu. Ke za ki yi wa matar bayani, ke kika gani da idonki."

Na ce to.

Da sassafe muka fito. Husaina ta tsaya a ƙofar ɗakin Zulai inda jaririyar ke kwance. 'Yar fari ce, ga idon suruka, kunya ba ta bar ta ta ɗauke ta ba, ba ta bar ta ta yi kuka ba. Ta dai duba, ta gyara mayafi, ta bi mu.

Daga Bungudu zuwa Gusau na samu bakin ƙofa kamar kullum, da labarin gwiwata. A tashar Gusau Haliru yana jiranmu, fuska duk ta faɗa. Ya gaishe mu, ya saci kallon matarsa, bai ce mata komai ba a gaban uwarsa. Bas ɗin Tsafe ya kusa cika, saura kujerar baya, mutum huɗu daidai.

Na ce wa kwandasta, "Ɗana, gwiwata ba ta lanƙwasuwa, a sauya mini da na bakin ƙofa."

Na bakin ƙofar wani dattijo ne da sandar ƙarfe, ƙafarsa ɗaya naɗe da bandeji. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, taki ko tawa?"

Na ce mu jira wata motar. Haliru ya ce, "Gwaggo, in muka jira wani lodin, yamma za ta yi mana a hanya, kin kuwa san hanyar nan ba a bin ta da yamma." Zulai ta tura ni daga baya. "Shiga mana, Madina, yau kuma mi ya same ki? Husaina ta fara shiga can lungu, kar ta tayar wa mutane hankali."

Haka muka jeru: Husaina a jikin taga, ni, Zulai, Haliru. Aka mai da kujerar da muka bi ta kanta, mutum ya zauna. Aka cusa buhunan masara a but, bayan kujerarmu, har suka tokare mana wuya. Aka miƙo wani buhun aka ɗora a tsakanin kujeru, ya rufe hanyar. Kwandasta ya ja ƙofa, ta yi ƙara, ya ɗaure ta da igiya don makullin ya lalace.

Muddin mota na gudu ina iya daurewa. Gilashin wajen Husaina ya zuge kamar faɗin tafin hannu, iska na shigowa. Na kafa ido a wuyan mutumin da ke gabana ina ta istigfari. Sai da muka kusa Kwatarkwashi muka tarar da layi a shingen jami'an tsaro, motoci sun kai ashirin. Direba ya kashe mota. Ya ce kowa ya zauna, ba a sauka a nan.

Iska ta tsaya.

Harshena ne ya fara bushewa. Sai kunnuwana suka ɗauki ƙara. Na ji rufin motar yana saukowa, buhun baya yana turo ni, kujerar gaba tana danne mini gwiwa. Na ja numfashi ya tsaya a wuya. Na sake ja, bai wuce ba. Yatsuna suka mutu. Sai ga ƙaiƙayin dawa a maƙoshina, wallahi har da warin rumbun, ni da na haura sittin da biyar. Na so in yi ihu, na so in hau kan mutane in fita, na tuna Zulai na jikina. Na cije lebe. Zuciyata tana duka kamar ana sussuka a ƙirjina. Na ce yau mutuwa zan yi a bayan bas, tsakanin masara da Zulai.

Sai na ji hannu ya kamo kaina a hankali. Husaina ce. Ta janye jikinta baya, ta kwantar da kaina a kafaɗarta daidai kafar gilashi, ta ja mayafinta ta kare fuskata daga wajen Zulai. Ta sa baki a kunnena.

"Gwaggo, kar ki dubi motar. Ga dutse can, dube shi. Kin ga samansa? Ja iska ta hanci. Sake ta sannu, kamar kina hura kunu. Sake ja. Ba mutuwa za ki yi ba, yana wucewa."

Na dubi dutsen Kwatarkwashi, na hura kunu. Na sake hurawa. Gaban rigarta ya jiƙe sharkaf, nono ya cika yana zuba, ƙamshinsa a hancina. Tana fama da nata, don ina jin ƙirjinta yana rawa, amma ba ta daina yi mini raɗa ba.

Sai dai kafin numfashina ya dawo, jikina ya riga ya ci amanata. Na ji ɗumi ya bi cinyata, ya jiƙa zane, ya gangara kujera. Ni Madina. Ni da nake kwaikwayon tafiyar mutane a injin niƙa.

Husaina ta ji, don ya taɓa ta. Ba ta ɗaga kai ba. Akwai ruwan leda biyu a cinyarta da Haliru ya saya mata a tasha. Ta ɗauki ɗaya ta matse shi da ƙarfi a kan cinyata har ya fashe, ta ɗauki na biyun ta fasa. Ruwa ya fantsama har jikin Zulai.

"Wayyo, Gwaggo, na jiƙa ki. Yi haƙuri, hannuna ne."

Zulai ta zabura. "Kun gani ko? Auta, ka gani da idonka? Abin ya motsa! Leda biyu, tana kallonmu ta fasa. Madina, sannu, kin ga ta kama miki kai kuma. Allah shi kai mu Tsafe lahiya."

Mutanen gaba suka juyo suna kallon Husaina. Wata mata ta janye ɗanta. Husaina ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na bar ta da laifin. Direba ya tayar da mota.

Gidan Juwairiyya yana bayan gari. Mace ce kakkaura mai fara'a, ta shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida ta kawo ruwa. Daga inda nake zaune ina hango ɗakin. Ƙofarsa gajeriya ce, sai an sunkuya, bakinta ya yi baƙi da hayaƙi. Babu taga ko ɗaya. Ga kasko biyu a bakin ƙofa, ga kwaɗo rataye. Na ga Husaina ta dube shi sau ɗaya, ta damƙe bakin tabarma.

Zulai ta zayyana nata, ta rufe da labarin ruwan leda. Juwairiyya tana gyaɗa kai tana cewa, "Awo, haka suke yi, ba su son a kawo su." Sannan Zulai ta taɓa ni. "Ga wadda ta gani tun farko. Madina, faɗa mata yadda kika faɗa wa mata."

Zanena ya fara bushewa a jikina, yana kama fata. In na yi shiru, ko na ce Allah shi kyauta, za a sunkuyar da yarinyar nan a tura ta ɗakin can, a sa kwaɗo, mu koma gida da asirina a rufe.

Na ce, "Ba ta da iska."

Zulai ta ce, "Mi?"

"Ba ta da komai. Tsoron rufaffen wuri ne. Idonta bai yi ja ba, muryarta ba ta sauya ba, ni na ƙara don a yi dariya."

Haliru, wanda tun Gusau bai yi magana mai tsawo ba, ya ɗago. "Gwaggo, rijiyar fa?"

"Ko kallonta ba ta yi ba. Inuwar mangwaro ta nufa. Ba ni na ce rijiya ba, amma a gabana aka faɗa, aka tambaye ni, na ƙi ƙaryatawa."

Zulai ta tafa hannu. "Tausayi ne ya kama ki don kin ga ɗaki. Ke ina kika san wani tsoron wuri? Likita ce ke?"

"Ni ma ina da shi."

Ta yi dariya. "Ke? Ke da kika ƙare rayuwarki a ɗakin jego?"

"Zulai, haihuwarki nawa na yi miki wanka? Ta Hauwa'u nawa? Tuna mini rana ɗaya da aka rufe ƙofa ina ciki."

Na ga tana lissafin shekaru a fuskarta. Na ba su labarin rumbu a gajarce, ba gishiri, karo na farko a rayuwata da na ba da labari haka. Na ce gwiwata lafiyarta lau, ko yanzu aka ce in yi tsalle zan yi.

Juwairiyya ta gyara zama. "To ai sai a turara ku ku biyu. Ɗakin na ɗaukar mutum biyu."

Na ce, "Baiwar Allah, in kika sa ni ɗakin can, ki tanadi likkafani."

Zulai ba ta sauko ba tukuna. "To ruwan da ta watsa mana a mota fa? Mai hankali na yin haka?"

Nan ne wurin. Husaina ta ɗago da sauri ta girgiza mini kai, wai in bari. Na dubi Haliru, yaron da na yi wa wankan jariri da hannuna, na ce ya juya baya. Ya juya. Na kama gefen zanena ta baya, inda ruwan leda bai kai ba, na miƙa wa Zulai.

"Shinshina."

"Mi zan shinshina?"

"Shinshina, na ce."

Ta sunkuya. Ta ɗago a hankali. Ba ta dube ni ba, Husaina ta duba, ta daɗe tana dubanta. Ni kuwa na kafa ido a saƙar tabarma, ina jin kunnuwana kamar an zuba musu garwashi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ban tsaya tambayar ko akwai taga a ciki ba.

Haliru ya yi magana bai juyo ba. "Inna, a Gusau ma tagarmu ba ta rufuwa, ko da sanyi. Ban ɗauke shi komai ba. Da aka ce rijiya ne na tsorata."

"Kai kuma da bakinka ka yi shiru?"

"Kin ce Gwaggo ta gani."

Can Zulai ta miƙe ta kakkaɓe zane. Ta ba Juwairiyya haƙuri, ta ce a yafe ɗawainiya. Sannan ta ce, "Husaina, tashi mu tahi. Ɗiyar can ba ta sha nono ba tun safe."

A bakin zaure Husaina ta cire babban mayafinta ta ɗaura mini a ƙugu a kan zanena, ta yafa ɗan ƙaramin da ke jakarta. Na ce mata ƙasa-ƙasa, "Yaushe kika gane?"

"Tun rana ta farko, Gwaggo. In kina hura wuta, ƙafarki ɗaya tana waje."

"Kika ƙi faɗa?"

"Ba nawa ba ne."

A tashar Tsafe Zulai ta tsaya a gaban mota ta ɗaga murya yadda har masu rake suka ji: "Tsohuwar nan da yarinyar nan, bakin ƙofa za su zauna, ko mu jira wata!" Ba wanda ya yi musu. Muka isa Nahuce ana kiran la'asar. Tun daga zaure muke jin kukan Nana Khadija, muryar har ta dushe. Hauwa'u ta ce ta ƙi madarar, duk abin da aka ɗura mata sai ta dawo da shi. Husaina ba ta tsaya kunyar kowa ba, ta karɓe ta, ta zauna a gindin mangwaro ta ba ta nono a gaban surukarta. Zulai ta shiga madafa ta ɗauko taɓarya, ta doki sakatar nan sau uku ta faɗi. Ta mirgino turmi ta tokare ƙofar ɗakin jego da shi. Tsumman taga ni na zare.

Washegari na ɗauki ƙwarya na tafi injin niƙa, ko da yake ina da gari a gida. Labari ya riga ni, don Zulai ta gaya wa Hauwa'u, Hauwa'u kuwa ɗalibata ce wurin baza labari. Ina isowa aka yi tsit, wata ta toshe hanci da mayafi, aka fashe da dariya. Na bar su suka gama. Sannan na faɗi nawa daga farko, na ce babu jan ido, babu muryar namiji, babu rijiya. Na maimaita rijiyar sau uku. Amma na lura wurin zanen suka fi so, shi suka ce in sake. Har yau in na doso, akwai mai cewa a ba Gwaggo hanya, kar a matse ta. Kuma har yau akwai matar da in an ambaci Husaina sai ta ce, "Wadda ta so jefa ɗiya rijiya?" Wancan labarin ya je Bungudu da ƙafarsa. Gyaran da na aika bai kai ko'ina ba.

Husaina ta cika arba'in da ƙofa a buɗe. Ba ta kumbura ba, ko tari ba ta yi ba. Kullum ina zuwa in yi mata wanka safe da yamma, tana gaishe ni, ina amsawa, ba mu taɓa komawa kan maganar ba.

Ranar da Haliru ya zo ɗaukarsu, ta shigo gidana sallama da sabulu da goro, kamar yadda ake yi wa mai wanka. Ta durƙusa har ƙasa ta yi godiya. Na sa mata albarka. Na miƙa hannu na ce, "Kawo kishiyar tawa in yi mata sallama."

Ta gyara goyonta, ta ƙara ɗaure majanyi. "Barci take yi, Gwaggo."

Ta juya za ta fita. Yarinyar tana bayanta, ido biyu, tana kallona har suka shige zaure.